Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malamanmu Masu Ruƙiyya

Allah gafarta malamai, ina roƙonku game da bayin Allah da ake kawo muku a ɗaure, suna jin muryoyin da babu mai jin su, ko suna ƙin tuwon gidansu bisa yaƙinin an zuba musu guba. Wannan lalura ce ta ƙwaƙwalwa, wadda tun 1952 likitocin Faransa suka dace da maganin kwantar da ita, jinkiri kuwa yana tsananta ta. Ku yi musu addu'a, na'am, amma ku hana mari da bulala, ku umarci iyalansu su kai su asibitin Dawanau, Kware ko Barnawa, marasa lafiyar kuma su lizimci shan magani ko bayan samun sauƙi.