Kafin Ka Ce "Bidi'a", Ka San Tarihi

'Yan'uwa ɗalibai, da zarar watan Rabi'ul Awwal ya kama sai gardama ta tashi a ɗakunan kwananmu. Wannan ya ce Maulidi baƙon abu ne, wancan ya ce tun fil'azal ake yinsa. Ka tambaye su wa ya fara, a ina, yaushe, sai ka ji tsit. Ni kuwa na ce wannan abin kunya ne ga mai kiran kansa ɗan jami'a.

Ga abin da tarihi ya nuna. Fatimiyawa, waɗanda suka mulki Masar daga 969 zuwa 1171, sun yi Maulidi a fadarsu ta Alƙahira. Wanda ya mai da shi gagarumin taron jama'a shi ne Muzaffaruddin, Sarkin Irbil, surukin Salahuddin, wanda ya rasu a 1233. Malamai kuwa sun saɓa. Ibnul Hajji ya soki shagulgulan da ake yi a cikinsa, amma Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta littafi sukutum yana kyautata shi. Suyuɗin nan ne ya aika wa Sarkin Katsina wasiƙar nasiha. Ashe gardamar ta girmi kakanninmu, kuma da alƙalami aka yi ta.

Haka abin yake ga Kirista. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar Annabi Isa ba. Shaidar farko ta bikin 25 ga Disamba daga birnin Rum ta fito, a shekarar 336, kuma Armeniyawa 6 ga Janairu suka riƙe.

To, asali shi ke yanke hukunci? Da haka ne, me za mu ce da Ashura, wadda Annabi (SAW) ya tarar Yahudawan Madina suna azumta, ya kuma yi umurni da azumtarta? Sanin asali aikin mai bincike ne, fatawa kuwa ta malaman fiƙihu ce. Kowa ya tsaya matsayinsa.

Mu 'yan sashen Hausa, ga namu aikin. Kanawa na hawa Dala ran Takutaha, dutsen da Barbushe ya zauna. Tsofaffin da suka san labarin suna ƙarewa, mu kuwa muna nan muna kafirta juna a kan gado. Mu ɗauki littafi da biro mu shiga birni. Rashin sani ya fi dare duhu.