Wai Sai Ya Yi Ritaya

'Yar uwa, in kina cikin matan da maigida ke ce wa "bari dai in yi ritaya, ko'ina kike so sai in kai ki," to gyara zama, da ke nake yau. Na gaji da jin wannan magana, kuma na ga inda ta kai wata baiwar Allah, shi ya sa ba zan yi shiru ba ko da za a ce na cika baki.

A Jibiya aka haife ni. Muna yara, in muka bi manya zuwa Magama, nan bakin iyaka, mukan tarar da motocin Turawa sun tsaya ana duba takardunsu. Motar ɗaki ce guda: ga gado, ga risho, ga 'yar taga da labulenta, jarkokin ruwa ɗaure a sama, ta yi buɗu-buɗu da ƙurar Sahara. Daga Aljeriya suke gangarowa, su biyo ta Agadas, su faɗo Maraɗi, su shigo ta wajenmu su nufi Katsina da Kano. Yawancinsu samari ne, amma waɗanda ba na mantawa wata tsohuwa ce da mijinta, kai fari fat, ita tana zaune a ƙofar mota tana feraye dankali, shi kuma ya baje taswira a cinya yana nuna mata wani abu da yatsa. Wani direba mai jin Faransanci ya ce mana sun gama aiki ne a ƙasarsu, suka fito kallon tsofaffin garuruwa. Muka yi ta dariya, wai tsofaffin nan ba su da gida ne? Tun farkon shekarun 1990, da rikici ya ɓarke a Aljeriya, ga kuma tawayen Abzinawa a arewacin Nijar, motocin suka ɗauke ƙafa. Amma har gobe a Amurka da Turai akwai tsofaffin da ke sayar da gida su koma cikin irin wannan mota, yau suna nan gobe suna can.

Kada ki ce na ce Malam ya sayar da gida. A'a! Ni ban ga abin sha'awa ba a ce tsoho ya bar jikoki, ba shi a suna, ba shi a jana'iza, yana ta gararamba a titi. Wannan nasu ne, su riƙe. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai da na girma: da tsohon nan ya tashi hutawa, da matarsa ya fito, wadda suka sha wahalar tare.

Mu fa? Ma'aikaci zai yi shekara 35 yana aiki, ko ya cika 60 a sallame shi. Duk tsawon nan uwargida tana cikin hayaƙi, ita ce ƙulli, ita ce wankau, ita ce rufin asiri in albashi ya yi jinkiri. Shi ko ya je kwas Zariya, ya je taro Kaduna, ya ga duniya a aljihun gwamnati. Ita iyakarta gidan biki da asibiti.

Haka aka yi wa Gwaggona. Ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya tana aure a Maraɗi, tafiyar da daga Jibiya ba ta fi awa guda a mota ba. Rabonsu da juna tun wani biki, shekara goma sha. Kullum ta yi magana sai a ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, saura kaɗan in ajiye aiki, har kwana bakwai za mu yi." Ya ajiye aikin a 2018. Aka ce a jira garatuti. Da kuɗin suka fito, wallahi akwatunan lefe muka fara gani, amarya ta tare, aka yi wa ɗakinta sabon fenti. Gwaggo ta haɗiye, ta ce to bayan an natsa. Sai ga watan Agustan 2019, gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Kafin nan 'yan bindiga sun addabi ƙauyukanmu, kowa na tsoron hanya. Tana cewa bana, bana, sai sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake datse iyaka har Maris na 2024. Samari dai suna bi ta ɓarauniyar hanya a kan babur, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa ina za ta iya? Cikin wannan rufewa ta biyu Allah ya karɓi abarsa.

Na san abin da za a ce, rai na Allah ne. Haka ne, ban musa ba. Amma shekarun da hanya ke buɗe, lafiya lau, ga mota a ƙofar gida, su kuma wa ya cinye su?

Masu cewa babu kuɗi, haba jama'a! Nawa ne kuɗin mota daga Jibiya zuwa Katsina? Mu kanmu mata ba mu fita ba a laifin nan. Adashin da muke kwasa mu zuba a anko da gudummawa, na biki ɗaya ya isa a kai yara Daura su sha ruwan Kusugu, rijiyar da suke karantawa a littafi an ce Bayajida ya kashe macijiya a ciki. Akwai matar da ta yi shekara 30 a birnin Katsina ba ta taɓa tsayawa gindin hasumiyar Gobarau ba, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, shekaru sama da 500 ke nan. Ba ta san tsohuwar Kwalejin Katsina ba, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda aka mayar gidan tarihi. Bature ya keto Sahara don ya gani, ita kuwa kuɗin Keke Napep ne tsakaninta da wurin.

Masu cewa mace ba ta yawo kuma, wa ya ce ta tafi ita kaɗai? Ai kai muke kira, maigida, ka sa ta gaba ku tafi. Ziyarar dangi ba yawon banza ba ce, su Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa yake ba su ware ƙafar mace ba.

Kuma ita Maraɗin nan da ake mayar mana wata uwa duniya, ai Katsina ce ta biyu. Da mutanen jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, tsohon gidan sarauta ne ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can. Kusa da ita ga Tsibiri, inda Gobirawa suka zauna. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa ne suka ja shi. Shi ya sa da wuya ki sami gida a Jibiya wanda ba shi da inna ko kawu a tsallake. Yarinyar da uwarta ta kai ta ta ga wannan da idonta, ba za ta tashi tana ce wa 'yan uwanta baƙi ba.

Ban ce ki jefa kanki cikin haɗari ba. A tambayi direbobin tasha yadda hanya take, a tanadi takardu, a fita da rana a sauka da rana. In Maraɗi ba ta yiwu bana, Katsina da Daura suna nan. Amma ki sa a tsayar da rana, 'yar uwa, rana mai suna, ko bayan Sallah ko hutun makaranta, tun yana da ƙarfin tuƙi, ke ma kina iya hawa mota ba a ɗaga ki ba. Ki faɗa da ladabi, ki maimaita, in ya ce sai ritaya ki ce masa ga kuɗin mai daga adashinki.

Ranar da aka zo rabon kayan Gwaggo, ni na buɗe akwatinta. Can ƙasa na tarar da turmin atamfa biyu iri ɗaya, ko ninkinsu ba a warware ba, ta ƙulle su a ɗankwali tare da kwalbar humra. Ɗaya nata, ɗaya na ƙanwarta, wai anko za su yi ranar da ta je. Sai da aka buɗe iyaka muka ba wani direban Maraɗi ya kai mata.