Kuɗin Sallama da Zafin Bazara: Lissafin da Ya Kamata Ɗan Fansho a Mahuta Ya Yi

A ƙasashen sanyi, tsofaffin da suka ajiye aiki suna fama da wata tambaya: shin ya dace su zuba abin da suka tara wajen sayen na'urar da ake kira famfon zafi, wadda ke ɗumama gida da lantarki a maimakon iskar gas? Na'urar ba ta ƙirƙirar zafi, ɗauko shi take yi daga waje ta kai shi ciki, shi ya sa da ma'aunin lantarki ɗaya take samar da ma'auni uku zuwa huɗu na ɗumi. Tana da tsadar saye, don haka a Ingila, tun Oktoban 2023, gwamnati ke biya wa mai gida fam 7,500 daga cikin kuɗin.

Wannan na'ura ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Firji da na'urar sanyaya ɗaki duk aikinsu ke nan, sai dai su daga ciki suke kwashe zafin su zubar a waje. Saboda haka tambayar tsohon Ingila ita ce tambayar tsohon Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a masarautar Zuru. Bambancin kawai, wancan sanyi yake gudu, wannan kuwa zafin Maris da Afrilu, kuma babu mai biya masa ko kwabo.

Kuskure ne a ɗauki neman sanyi a matsayin almubazzaranci ga wanda ya haura sittin. Jikin tsoho ba ya fitar da zufa kamar na matashi, hawan jini da ciwon suga kuma suna ƙara masa haɗari. A ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma tsofaffi suna cikin waɗanda suka fi rasa rayukansu a wannan mako. Tsohuwar dabarar kwana a tsakar gida ma ta yi rauni, domin matsalar tsaro a sassan masarautar Zuru ta sa mutane da dama sun fi natsuwa a bayan ƙofa kulle, ƙarƙashin rufin kwanon da ya yini yana shan rana.

Hanyoyin da aka saba bi kuwa sun toshe. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kaiwa jihar Kebbi ba abin dogaro ba ce ga garuruwan karkara. Janareta ya fi ƙarfin ɗan fansho tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Sai ido ya koma kan sola, kuma a nan ne tarkon yake.

A ɗauki misalin malamin firamare da ya karɓi kuɗin sallama bayan shekaru 35 na aiki. Mai haɗa sola zai lissafa masa farantai, da inbata, da batura, da na'urar sanyaya ɗaki, ya faɗi jimla. Abin da ba kasafai ake faɗi ba shi ne, kayan ba tare suke tsufa ba. Farantin sola yakan wuce shekaru 20 yana aiki. Batirin ruwa kuwa, a zafin Kebbi, shekara biyu ko uku ce ransa. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki tana shan kimanin wat 800, batir ɗaya mai amfiya 200 kuma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, don haka kwana ɗaya cikin sanyi yana buƙatar batura huɗu ko biyar. Kuɗin sallama sau ɗaya ake biya, batura kuwa za a sake saye, da farashin da ke bin dala, daga fanshon da ba ya bin ta. Haka gidaje ke ƙarewa da farantai a kan rufi da na'ura a bango, ga duhu a ɗaki.

Hikimar ita ce a juya tsarin sayayyar, a fara da abin da ba ya cin wuta. Magina na dā da suka yi soro da bango mai kauri sun san cewa zafin da bai shiga ba, ba ya buƙatar fitarwa. Silin a ƙarƙashin kwano, da farin fenti a samansa, da tagogi masu fuskantar juna, da rumfa ko bishiya a gefen yamma, duk suna rage zafi ba tare da an sake biyan komai ba. Kuma ɗaki ɗaya za a zaɓa, wanda tsoho ke kwana, a bar sauran gidan.

Mataki na biyu shi ne fanka mai aiki kai tsaye da batir, wadda ke shan kimanin wat 25. Wutar da na'urar sanyaya ɗaki za ta sha a awa ɗaya za ta juya irin wannan fanka fiye da awa 30. Sai dai fanka tana da iyaka: idan iskar ɗaki ta fi jikin mutum zafi, iska mai ƙuna take hurowa, sai an haɗa da jiƙa tufafi da yawan shan ruwa. Wannan iyaka ce hujjar mataki na uku, ga wanda ya samu hali: na'urar sanyaya ɗaki da za a kunna da rana kawai, lokacin da farantai ke ba da wuta, a bar wa fanka dare. Idan an kai ga sayen batir, ƙarami na lithiyam ya fi manya na ruwa da yawa, domin ya fi su daɗewa nesa ba kusa ba. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar farantan.

'Ya'yan da ke aiki a Birnin Kebbi ko Abuja za su iya cewa iyaye sun cancanci fiye da fanka. Gaskiya ne, amma kyautar da za ta mutu bayan shekara uku ta bar tsoho da bashi ba alheri ba ce. Wanda zai saya wa mahaifinsa na'ura ya fara tanadin kuɗin batir na gaba, ko ta adashi ko ta ƙungiyar gama-kai.

Akwai kuma haƙƙi a wuyan hukuma. Sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Kuɗin sallamar da aka jinkirta kuwa hauhawar farashi ke cinye shi kafin ya iso. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don faɗaɗa wutar sola a Najeriya ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. 'Yan fansho, da suke da kuɗin shiga sananne kowane wata, su ne mafi sauƙin sakawa cikin tsarin biya a hankali, idan jiha ta tsaya musu.

Kafin hakan ta samu, daidai ruwa daidai tsaki. Ɗan fansho a Mahuta ya fara tambayar mai haɗa sola abu ɗaya kafin ya miƙa kuɗi: nawa za a kashe a shekara ta uku, kuma daga ina?