Allon mota bai san Kalley ba

Makon jiya wani maƙwabcina ɗan kasuwa ya rage mini hanya daga Kalley zuwa Harobanda a cikin motar da ya sayo ta Lome. Yana jona salularsa, sai taswirar Yamai ta bayyana a kan allon da ke gefen sitiyari, wata murya kuma ta fara nuna masa hanya da Faransanci. Wannan shi ne Android Auto, wanda kamfanin Google ya fitar a 2015, shekara guda bayan CarPlay na kamfanin Apple. Manufarsu ɗaya ce: a raba hannun direba da waya.

Gaskiya abin ya burge ni da farko. An kira shi daga kanti, ya amsa bai saki sitiyari ba. Haruffan manya ne, kuma allon ba ya yarda a kalli fim mota na tafiya. Duk wanda ya taɓa ganin direban taksi yana tuƙi da hannu ɗaya, yana rubuta saƙo da ɗayan, zai ce an sami ci gaba.

Amma kafin mu kai gadar Kennedy na sake tunani. Muryar ba ta jin Hausa, ba ta jin Zabarmanci. Da ya ambaci sunan wata unguwa ba ta gane ba, sai ya duƙufa yana latsa allon da yatsa. Ga shi mu nan ba da lambar titi muke kwatance ba. Cewa muke bayan masallaci, ko kusa da mai tsire. Taswirar kuma ba ta san amalanken da ya tare hanya a bakin Babbar Kasuwa ba, balle ɗan kabu-kabun da zai ɓullo ta hagu, ko ramin da ruwan damina ya haƙa.

Jama'a, mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Direban da ya kalli allo na daƙiƙa 2 ya tuƙa mita 28 ido rufe ke nan. A titunan Kalley, inda ƴan talla da ƴan makaranta ke tsallakawa ko ta ina, mita 28 sun isa a yi ta'aziyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau 4, kuma ko bai riƙe wayar a hannu ba bambancin kaɗan ne, domin hankali ne ke tafiya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne alluna masu araha da ake ɗaura wa tsofaffin motoci, waɗanda wasunsu ke nuna fim ko mota na gudu.

Saboda haka muna kira ga mahukunta su hana shigo da irin waɗannan, masu duba lafiyar motoci su riƙa bincikarsu, makarantun koyon tuƙi kuma su sa batun cikin darasi. Ƴan kasuwarmu su dubi abin da suke odarsa, don ribar da za ta ci ran ɗan maƙwabci ba riba ba ce. Kai kuma ma'aikaci mai sabuwar mota, ka saita hanyarka tun kana tsaye a ƙofar gida. In ka tayar, ka bar allon, ka dubi titi.