Baburan Ingila da Ɗigon Baƙin Mai

Matasan da ke hawa Boxer da Jincheng a yau ba kasafai suka san cewa an yi zamanin da in aka ce babur, to na Ingila ake nufi ba. BSA, Triumph, Norton, Matchless, Ariel da Royal Enfield su ne sunayen da suka riƙe kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ta hannun Turawan mulki da kamfanoninsu wasu suka iso ƙasar nan. Shi BSA asalinsa kamfanin ƙera bindigogi ne da aka kafa a Birmingham a 1861, shi ya sa tambarinsa bindigogi uku ne jingine da juna. Bayan ya saye Triumph a 1951, babu kamfanin babura a duniya da ya kai shi girma. Zuwa 1973 ya durƙushe. Masana tattalin arziki sun yi ta rubutu kan yadda aka yi haka cikin shekara ashirin da 'yan kai, amma duk wanda ya taɓa kwance ɗaya daga cikin baburan nan ya ga amsar da idonsa.

Nawa BSA C15 ne, mai silinda ɗaya da inji mai girman cc 250, samfurin da aka fara fitarwa a 1958. Na baffana ne, Allah Ya jiƙansa, malamin gona da ya zaga ƙauyuka a kansa. Ya yi fiye da shekara ashirin a jingine a ɗakin ajiya, kaji na kwana a kan sirdinsa, 'yan gwangwan kuma suna ta zarya, suna taya shi a kan kilo. Shekara biyu muka yi, ni da wani dattijon bakanike, muna haɗuwa kowace Asabar kafin ya sake tashi.

Wahala ta fara tun daga noti. Sifanar milimita da ke hannun kowane yaron gareji ba ta kama su, domin ma'auninsu na Ingila ne, wanda ya samo asali daga tsarin da Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841. Dattijon nan yana da nasa sifanun, naɗe a tsumma, ba ya ba kowa aro, har ni mai babur ɗin. Giya tana ƙafar dama, birkin baya yana hagu, saɓanin abin da ƙafar mahayin yau ta saba. Wayoyin wuta na kamfanin Lucas ne, kamfanin da su kansu Turawan suka yi wa laƙabi da sarkin duhu saboda yawan mutuwar fitila.

Sai kuma baƙin mai. Duk inda ka ajiye babur ɗin, da safe za ka tarar ya sa hannu a ƙasa. Dalilin a fili yake. Tukunyar injin ɓari biyu ce, dama da hagu, don haka layin mahaɗarsu ya bi ta ƙarƙashi, daidai inda mai ke kwanciya. Da zafi da girgiza suka ɗan sassauta shi, sai ɗigo. Japanawa a manyan baburansu sai suka raba tukunyar sama da ƙasa, mai ya zauna a cikin ɓarin ƙasa kamar ruwa a kwano. Mahayan Ingila har barkwanci suke yi, wai in ba ka ga mai a ƙarƙashin babur ba, to babu shi a ciki. Raha ce mai daɗi, amma ni abin da nake ji a cikinta shi ne kamfanin da ya san aibin kayansa, ya bar mai saye ya koyi zama da shi.

Kuma ba a ce ba su ga hadarin yana haɗowa ba. Edward Turner, wanda ya tsara injin Triumph mai silinda biyu, ya je Japan a 1960, ya ga masana'antun Honda da Yamaha da Suzuki. Shugabannin Ingila suka kwantar da hankalinsu da cewa Japanawa ƙananan babura kawai za su iya, irin Super Cub na 1958, manyan kuwa sai su. A 1968 BSA da Triumph suka fitar da babur mai silinda uku, wanda har lokacin da ƙafa ake buga shi. A 1969 Honda ta fitar da CB750: silinda huɗu, maɓallin tayarwa, birkin faifai a gaba, ga shi ba ya ɗiga. Daga nan kasuwar Amurka ta fara zamewa. Ma'aikatan Triumph a Meriden sun mamaye masana'antarsu a 1973 don hana rufe ta, suka riƙe ta a matsayin ƙungiyar gama kai har 1983. Jarumta ce, sai dai tsohon injin nan suka ci gaba da ƙerawa.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙin babur ɗin nake yi. Babu abin da ke jikinsa da hannu da sifana ba za su buɗe ba, kuma har yau akwai ƙungiyoyin masu irinsa a Ingila da ƙananan maƙera da ke yin kayan gyaransa. Ranar da ya tashi, da ƙarar nan tasa mai kauri, ɗaya bayan ɗaya kamar dakan sakwara, dattijon bai ce uffan ba, ya dai kara kunne a jikin injin. Abin da ke damuna shi ne, cikin yaransa shida babu wanda ya tsaya ya koya. Sun ce, kuma da gaskiyarsu, babu abinci a ciki: yau in abu ya lalace cire shi ake yi a sa sabo.

Sunayen dai ba su mutu ba, gida suka sauya. Royal Enfield da aka fara haɗawa a Madras a 1955 ya rayu a Indiya bayan uwar kamfanin ta rufe a Ingila. Rukunin Mahindra ya sayi sunan BSA a 2016, TVS ya sayi Norton a 2020. Triumph ne ya farfaɗo a gida, a Hinckley, bayan John Bloor ya sayi sunan a 1983. Shi ma ƙananan baburansa masu cc 400 da suka fito a 2023 a Indiya ake ƙera su, a masana'antar Bajaj, kamfanin nan dai da ke yin Boxer ɗin 'yan acaɓa.