Nazarin ƙwayoyin halitta da kwamfuta: Ina 'ya'yan New Bell?

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2004 annobar kwalara ta auka wa birnin Duwala, inda ta kwantar da dubban mutane, kuma New Bell na daga cikin unguwannin da suka fi jin jiki. A wancan lokaci babban abin da likita ke yi shi ne ya tabbatar da cutar, ya ƙara wa majinyaci ruwa. A yau kuwa ana iya karanta ƙwayar cutar baki ɗayanta, a gano inda ta fito, da maganin da ya daina yi mata aiki. Fannin da ke wannan aiki shi ake kira bayo'infomatiks.

Bayanin abin shi ne, kowace halitta tana ɗauke da wani rubutu na gado mai haruffa huɗu kacal. Na ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3, kuma a 2003 ne masana suka ba da sanarwar kammala karanta shi. Na'ura ce ke fitar da haruffan, amma sai an sami wanda ya haɗa ilimin halittu da lissafi da sarrafa kwamfuta kafin a san abin da suke nufi. Ta wannan hanya ce a 2020 aka gano cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a Ruwanda ta soma bijire wa maganin atemisinin, wato ginshiƙin maganin da ake ba yaranmu tun da aka yi watsi da kulorokwin.

Abin mamaki, Kamaru ba ta rasa gwanaye ba. Farfesa Christian Happi, wanda cibiyarsa da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede na Nijeriya ta fara karanta ƙwayar korona a nahiyar Afirka cikin watan Maris na 2020, ɗan Kamaru ne. Haka Farfesa Ambroise Wonkam, masanin ciwon sikila, wanda a 2021 ya yi kiran a karanta ƙwayoyin halittar 'yan Afirka miliyan 3, kafin ya koma Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 2022. Ga kuma Dokta John Nkengasong, shugaban farko na hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka. Dukkansu a Yawunde suka fara karatun jami'a, amma a waje suka yi suna. Ashe matsalar ba ta ƙwaƙwalwa ba ce, ta rashin wurin horo da wurin aiki ce a gida.

Wasu ƙasashe sun riga mu farga. Afirka ta Kudu ta kafa cibiyarta tun 1996 a Jami'ar Western Cape, Mali kuma ta buɗe tata a Bamako a 2015, inda ake ba da digiri na biyu. Daga 2016 shirin H3ABioNet ya riƙa koyar da kwas na share fage kyauta ta intanet, ɗalibai na taruwa a azuzuwa a ƙasashe daban-daban. Sai dai kuɗin irin waɗannan shirye-shirye daga Amurka da Ingila suka fito, kuma babban shirin H3Africa ya kai ƙarshen wa'adinsa a 2022. Rufe hukumar USAID a 2025 ya ƙara nuna mana cewa mai kwana a tabarmar aro a ƙasa yake.

Saboda haka ya wajaba jami'o'in gwamnati, musamman na Duwala da Ngaundere da Marwa, su ba wannan fanni cikakken matsayi, su haɗa sashen ilimin halittu da na kwamfuta, su kuma ƙulla alaƙa da Asibitin Laquintinie da Cibiyar Pasteur domin ɗalibi ya koyi aiki da samfurin majinyatan ƙasarsa. Fanni ne mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da sauran fannonin kimiyya, domin yawancin manhajojin da rumbunan bayanan kyauta suke. Abin da ake buƙata shi ne malami, da wutar lantarki, da intanet mai ƙarfi.

To, abin tambaya a nan shi ne, mu fa? Daga New Bell har Grand Hangar, yaro da ya iya lissafi sai a ce kasuwa ta yi kira, yarinya kuwa a ce karatun ya isa haka. Alhali kuɗin rajista a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, abin da wani ɗan kasuwa ke kashewa a rana guda ta biki. Sikila da zazzaɓi da kwalara kuwa a gidajenmu suke, kuma binciken da aka yi a duniya kan gadon cututtuka, rabon 'yan Afirka a cikinsa bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Ke nan ana haɗa magani ba tare da an dubi jininmu ba.

Ya kamata attajiranmu da kwamitocin masallatai su ɗauki nauyin yaran da suka ci jarrabawar bakaloriya a ɓangaren C ko D, a saya musu kwamfuta, a ƙarfafa musu Ingilishi, domin da shi ake rubuta akasarin wannan ilimi. Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa mu farga.