Tukunya Cikin Tukunya

Duk wanda ya tashi a Madobi, Kura ko Bunkure ya san halin da ake shiga idan tumaturin rani ya nuna lokaci guda. Ruwan madatsar Tiga ya yi aikinsa, kwanduna sun cika Kwanar Gafan, farashi ya faɗi, wanda aka kawo gida kuma kafin kwana uku ya fara ruɓewa. Firji? Sai in da wuta.

Shi ya sa wannan makon muka ɗauko muku labarin Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse. Ɗan gidan maginan tukwane ne, ya san yumɓu tun yana yaro. A shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya zuba kayan miya a ta cikin, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma.

Sirrin yana jikin tukunyar. Gasasshen yumɓu cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa bayan babbar tukunyar, iska ta busar da shi, yana bushewa kuma yana tafiya da zafin ciki. Dalilin ke nan ruwan randar Kaka ya fi na jarka sanyi, don roba ba ta da waɗannan ƙofofin. A gwajinsa, yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahu ya kai kwana 12. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000. Mu dai abin da ya fi burge mu shi ne 'yan matan da aka daina tura su talla kullum don gudun kada kaya su lalace, suka samu zuwa makaranta.

Binciken halin yumɓu, ƙarfe, roba da gilashi fanni ne mai zaman kansa a jami'a, ƙannenmu. Farfesa Wole Soboyejo, wanda ya koyar a jami'ar Princeton ta Amurka, shi da ɗalibansa sun cuɗa yumɓu da garin katako suka gasa. Garin ya ƙone ya bar ƙofofi, tukunyar ta zama matatar ruwan sha.

Kada mu zuzuta tukunyar Malam Abba fiye da kima. Ba za ta ɗauki tumaturin da ke cika tirela ba, da damina kuma sanyinta yana raguwa saboda iska ta riga ta ƙoshi da laima. Yashin ma sai an jiƙa shi safe da yamma. Amma yanzu rani ne. Ku nemi tukwane biyu, ku aro ma'aunin zafi wurin malamin kimiyya, ku auna ciki da waje da azahar, ku aiko mana da abin da kuka samu.